Ƙera Sulken Baraden Turai, Saka Shi da Faɗa a Cikinsa: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙasashen Turai da Amurka, da wasu wurare irin su Ostireliya da Ajantina, akwai mutanen da suke kashe kuɗinsu da ranakun hutunsu wajen ƙera ko sayen sulke irin na baraden da, su saka shi, su fita fili su gwabza da juna. Cikinsu akwai malaman makaranta da masu walda da likitoci da direbobi, kuma yawancinsu babu mai biyansu ko sisi. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda mai kallo da mai niyyar shiga suka fi yawan yi.

Mene ne wannan wasa, kuma iri nawa ne?

Rassansa huɗu ne manya, kuma rashin bambance su shi ne yake sa sabon shiga ya sayi kayan da ba za a bar shi ya shiga fili da su ba. Na farko shi ne kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi a gaban 'yan kallo, kamar wanda ake yi kowane watan Yuli a filin Grunwald na ƙasar Poland domin tunawa da yaƙin 1410, ko na garin Tewkesbury a Ingila mai tuna yaƙin 1471. A irin wannan an riga an san wanda zai ci da wanda zai faɗi, ana sassauta sara, kuma abin da aka fi sa wa ido shi ne ko kayan mutum sun dace da shekarar da ake kwaikwayo. Na biyu shi ne faɗan SCA, ƙungiyar masu raya al'adun Turai na da a Amurka, inda ake amfani da sandunan wani tsiro mai kama da gora amma marar rami da ake kira ratan, kuma wanda aka buga shi ne yake yanke wa kansa hukunci ko dukan ya kai na kisa. Na uku shi ne buhurt, gasar da ake yi da makaman ƙarfe na gaske waɗanda aka dakushe, ana duka da iya ƙarfi, ba tare da an shirya wanda zai yi nasara ba. Na huɗu kuwa shi ne HEMA, wato nazarin littattafan koyar da faɗa da malaman takobi na Jamus da Italiya suka bari, da ƙoƙarin aikata abin da ke cikinsu.

Yaushe aka fara shi?

Sha'awar ta daɗe. A watan Agusta na 1839 wani basarake a Sukotland ya shirya gasar barade a gidansa na Eglinton, jama'ar da aka ƙiyasta sun kai dubu ɗari suka hallara, sai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauko ya mayar da filin taɓo, ya jiƙe manyan baƙi da adonsu. Wasan kamar yadda aka san shi yau ya fi kusa da mu. An kafa SCA a ranar 1 ga Mayu, 1966, a garin Berkeley na jihar Kalifoniya, kuma babban taronta na Pennsic, wanda aka fara a 1972 kuma ake yi a jihar Pennsylvania, yakan tara mutane wajen dubu goma. Buhurt ya tashi ne a Rasha da Yukiren bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, kuma a 2010 aka yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko mai suna Battle of the Nations a ganuwar Khotyn ta Yukiren, tsakanin Rasha da Yukiren da Belarus da Poland. Wata ƙungiyar dabam, IMCF, ta yi tata gasar duniya ta farko a 2014 a ganuwar Belmonte ta ƙasar Sifen.

Shin sulken bai yi nauyin da zai hana mutum motsi ba?

Bai yi ba. Cikakken sulken faranti, wato na fallayen ƙarfe, na yaƙi na ƙarni na 15 yakan yi kilo 20 zuwa 25, wanda bai kai kayan da sojan ƙasa na wannan zamani yake ɗauka zuwa fagen daga ba, kuma nauyin a rarrabe yake a jiki tun daga kai har ƙafa. Labarin cewa sai an sa ƙugiya da igiya an ɗaga barde an ɗora shi kan doki ba shi da tushe a tarihi, kuma wani fim na Ingila na 1944 yana cikin abubuwan da suka yaɗa shi. An rubuta a tarihin rayuwar Boucicaut, babban hafsan Faransa da aka kama a yaƙin Agincourt na 1415, cewa yana iya daka tsalle ya haye doki cikin cikakken sulke ba tare da ya taka likkafa ba, yana kuma hawa tsani ta bayansa da hannuwa kaɗai. Masu wasan na yau sun maimaita irin waɗannan abubuwa a gaban kyamara.

Amma akwai sharaɗi, kuma kusan duk abin da za a faɗa nan gaba a kansa ya rataya: sai in an ƙera sulken daidai da jikin mai shi. Gwiwar ƙarfen da ta sauka ƙasa da gwiwar mutum da faɗin yatsu biyu za ta iya mayar da ƙaƙƙarfan saurayi kamar gurgu, kuma kilo 20 da ba su zauna daidai ba sun fi kilo 30 da suka zauna daidai gajiyarwa. Kayan buhurt sukan fi na tarihi nauyi, suna kaiwa wajen kilo 30 ko sama da haka, domin ana ƙara kaurin ƙarfe da na abin da ke ƙarƙashinsa.

To mene ne ya fi wahalar da wanda ya saka shi?

Zafi da numfashi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Leeds sun ɗora mutane masu sanye da sulke irin na ƙarni na 15 a kan injin tafiya, suka auna iskar da suke shaƙa, suka gano cewa tafiya cikin sulke tana cin ƙarfi fiye da ninki biyu na tafiya ba tare da shi ba, har ma ta fi ɗaukar nauyi iri ɗaya a jakar baya, saboda ƙarfen da ke ƙafafu sai an ɗaga shi a kowane taku, kuma farantin ƙirji ba ya barin haƙarƙari ya buɗe yadda ya kamata. Da zarar an rufe fuskar kwalkwali, duniya takan koma 'yar tsaga mai faɗin yatsa. Mutum ba ya ganin ƙafafunsa, ba ya ganin wanda ya zo masa ta gefe, gumi yana gangarowa cikin idonsa ba shi da halin sharewa, kuma iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. Shi ya sa zagaye guda na faɗa mai minti ɗaya ko biyu yakan bar ƙwararren ɗan wasa yana haki a durƙushe.

Wane zamani ya kamata mai farawa ya zaɓa?

Dole ne ya zaɓi zamani ɗaya da yanki ɗaya tun kafin ya sayi komai, domin kusan duk ƙungiyoyi suna hana haɗa kwalkwalin wani ƙarni da ƙafafun wani. Kafin wajen shekarar 1250 barden Turai sulken zobba ne kariyarsa, da kwalkwali da garkuwa. Daga nan zuwa wajen 1400 aka riƙa ƙara ƙananan faranti a gwiwa da hannu da ƙwauri, aka kuma fito da riga ta fata ko ta ƙyalle mai kauri wadda aka kafe fallayen ƙarfe a cikinta. Mafi yawan abin da aka sani game da irin wannan riga ya fito ne daga manyan kaburburan yaƙin Visby na 1361 a tsibirin Gotland na Suwidin, inda aka binne matattu da yawa da sulkensu a jiki, aka kuma tono su a farkon ƙarni na 20. Wajen 1420 ne cikakken sulken faranti ya kammala, kuma daga baya salo biyu suka yi fice: na Milan mai santsi da kumburi, wanda gidan Missaglia ya shahara da shi, da na kudancin Jamus mai tsaga-tsaga da siririn ƙugu, irin na gidan Helmschmied na Augsburg.

A ganina rabin ƙarshe na ƙarni na 14 ya fi dacewa da mai farawa. Rigar fallaye tana yafe ɗan kuskuren awo wanda farantin ƙirji guda ba zai yafe ba, ta fi araha, kuma hujjojinta suna da yawa, tun daga zane-zanen littattafai har zuwa mutum-mutumin kaburbura irin na Edward ɗan sarkin Ingila, wanda ake kira Baƙin Yarima, da ke cocin Canterbury, wanda ya mutu a 1376.

Me ya kamata a fara mallaka?

Ba kwalkwali ba, duk da cewa shi ne ido yake fara so. Abu na farko shi ne neman ƙungiya, domin yawancinsu suna da kayan aro da makaman soso na atisaye, kuma watannin farko a koyon tsayuwa da taku da faɗuwa suke ƙarewa. Abu na biyu, wanda shi ne tushen komai, shi ne rigar ciki. Riga ce matsattsiya ta lilin mai ninki da yawa, wani lokaci da ɗan cushen ulu ko auduga, wadda take kama ƙugu sosai, tana da ramuka inda ake zura igiyoyin da za a ɗaure ƙarfen hannu da na cinya da su. In rigar ta yi sako-sako, duk ƙarfen da aka rataya mata zai zame ƙasa, nauyinsa ya koma kan kafaɗa da gwiwa. Masu ɗinka ta sukan kwaikwayi rigar basaraken Faransa Charles de Blois ta ƙarni na 14 da ke ajiye a birnin Lyon, saboda yadda aka yanka hannuwanta da faɗi har kusan tsakiyar baya, ta yadda mutum zai ɗaga hannu sama ba tare da gindin rigar ya biyo shi ba. Sai an gama ɗinka ta sannan a auna jiki domin ƙarfe, kuma a kanta ake yin awon.

Idan aka zo kan ƙarfe, kwalkwali da safar hannu su ne wuraren da ba a neman araha.

Yaya ake saƙa sulken zobba?

Aiki ne mai sauƙin koyo, mai cin rai wajen gamawa. Ana naɗe waya a jikin sandar ƙarfe har ta zama kamar sifirin, a yanka ta zobe-zobe, sannan a riƙa sarƙafa kowane zobe cikin guda huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Riga ɗaya takan ci zobba dubu ashirin zuwa talatin ko fiye, gwargwadon girman zoben da tsawon rigar, kuma takan yi wajen kilo goma. Hanya mai sauƙi ita ce a haɗa bakin zoben kawai da filaya, amma irin wannan yakan buɗe da an ja shi da ƙarfi, kuma ba haka Turawan da suke yin nasu ba. Na gaske sai an ɗora bakin zoben ɗaya kan ɗaya, a daddale wurin, a huda shi, a zura 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, a matse ta. Domin rage aiki, maƙeran da sukan sa layi ɗaya na zobba masu ƙusa, layi ɗaya na zobba rufaffu da aka huda daga falle.

Abin da yake bambanta gwani da ɗan koyo shi ne ƙari da ragi, wato sanin inda za a ƙara zobba domin rigar ta buɗe a kafaɗa da allon baya, da inda za a rage domin ta kama ƙugu. Yawancin sulken zobba da ake sayarwa yanzu daga Indiya yake fitowa, a yanke kamar buhu, kuma masu wasa da yawa sukan saye shi su warware wasu sassa su sake saƙa su daidai da jikinsu. Wanda zai yi aiki da waya mai rufin tutiya kada ya kuskura ya sa ta a wuta, domin hayaƙinta yana sa zazzaɓi.

Sulken faranti fa, yaya ake ƙera shi?

Ana farawa da kwali. Maƙeri yakan yanka siffar kowane sashe a kwali, ya gwada a jikin mai kayan, ya gyara, sannan ya zana ta a kan fallen ƙarfe ya yanke. Daga nan hanyoyi biyu ne na mayar da shimfiɗaɗɗen ƙarfe ya zama mai kumburi. Ta farko ita ce a ɗora shi a kan kututturen itacen da aka fafe, a riƙa dukansa daga ciki da guduma mai zagayayyen kai har ya lotsa. Tana da sauri, amma tana sa tsakiyar ƙarfen ya sirance, alhali nan ne sara yake sauka. Ta biyu ita ce a kifa shi a kan turken ƙarfe, a riƙa dukansa daga waje zagaye bayan zagaye, yawanci da zafi, ana tattaro ƙarfen zuwa ciki. Tana cin lokaci, amma da ita ake fitar da kwalkwali mai zurfi daga falle guda ba tare da walda ba. Masu ƙera kayan gasa da yawa sukan haɗa rabi biyu su yi walda, su goge wurin, kuma ba laifi ba ne muddin an faɗa wa mai saye gaskiya.

Bayan siffa ta fito sai a bi ta da ƙaramar guduma mai santsin fuska, duka kusa da duka, har tabon babbar guduma ya ɓace, sannan a naɗe gefuna a wuya da hammata domin kada su yanki fata kuma domin su tare bakin makami. Mafi wuyar aikin shi ne gaɓoɓi. Gwiwa da gwiwar hannu da safar hannu an yi su ne da ƙananan fallaye masu hawa kan juna, waɗanda aka haɗa da ƙusoshi masu juyawa ko masu zamewa cikin doguwar huda, ko kuma da ɗaurin fata daga ciki. In hudar ta kauce da milimita biyu, ko dai gaɓar ta ƙage, ko ta buɗe ta bar gibi idan aka lanƙwasa ta. Makarin ƙwauri kuwa, wanda mai kallo yake ɗauka bututu ne kawai, shi ne maƙera suke gwada junansu da shi, domin dole ya bi siffar sha-raɓa da idon sawu ya zauna da kansa, har wasu sukan nemi a aiko musu da siffar ƙafar mutum da aka zuba da filasta.

Kayan aikin farawa ba su da yawa: kututture, guduma biyu ko uku, almakashin ƙarfe, magagari, abin huda da injin goge ƙarfe. Abin toshe kunne da gilashin kare ido suna cikin lissafi. Shawarar da aka saba ba ɗan koyo ita ce ya fara da makarin kafaɗa ko na gwiwar hannu, ya bar kwalkwali sai hannunsa ya faɗa.

Wane irin ƙarfe ake amfani da shi?

Baƙin ƙarfe na gama-gari shi ne mafi araha da sauƙin sarrafawa, amma yana lotsewa, don haka sai an yi shi da kauri, kauri kuwa nauyi ne. Ƙarfen sifirin mai ɗan yawan sinadarin gawayi shi ne zaɓin masu gasa, domin bayan an gama siffanta shi ana gasa shi ya haura digiri 800, a tsoma shi cikin mai, a sake ɗumama shi a wuta mai sauƙi domin ya rage gautsi, sai ya zama falle mai kaurin milimita ɗaya yana jure abin da na gama-gari mai kusan ninkinsa ba zai jure ba. Maƙeran Augsburg da Innsbruck sun ƙware a irin wannan taurarawa tun ƙarshen ƙarni na 15. Akwai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa, da titaniyom mai rashin nauyi da tsada, waɗanda masu kwaikwayon tarihi tsantsa suke ƙyama saboda launinsu yana tona su. Kwalkwalin gasa ba a yin sa ƙasa da milimita biyu, kuma a nan nauyi alheri ne, domin kwalkwali mai nauyi ya fi shanye girgizar duka.

Ya fi kyau a saya ko a ƙera da kai?

Mafi yawan masu wasa suna haɗa biyun: su ɗinka rigar ciki da kansu, su koyi sauya ɗauri da buga ƙusa, su sayi sauran. Ƙwararrun maƙera sun fi yawa a Yukiren da Poland da Jamhuriyar Cek, kuma jiran watanni kafin kaya su iso abu ne da aka saba. Abin da za a guje wa shi ne sulken ado da ake sayarwa a intanet domin a jingine shi a falo, wanda aka yi da siririn ƙarfe, da awo ɗaya ga kowa. Kafin a biya kuɗi yana da kyau a kwatanta hoton kayan da na asali da ke gidajen tarihi irin su Royal Armouries na Leeds, da Wallace Collection na Landan, da ma'ajiyar makamai ta Graz a Austriya mai ɗauke da kaya wajen dubu talatin da biyu.

Yaya ake saka shi, kuma mutum zai iya shi kaɗai?

Daga ƙasa ake farawa a yi sama, domin kowane sashe yana hawa kan na ƙasa da shi. Wani rubutun Ingilishi na wajen 1450 ya jera tsarin: takalman ƙarfe, makarin ƙwauri, na cinya, siket ɗin zobba, ƙirji da baya, hannuwa, safar hannu, sannan kwalkwali. Har ya ba da shawarar a naɗa ɗan siririn bargo a gwiwa domin kada ƙarfe ya goge fata, kuma masu wasa suna bin wannan shawara har yau. Da mataimaki abin yakan ɗauki minti goma zuwa ashirin. Mutum yana iya saka ƙafafu da kansa, amma maɗauran baya da igiyoyin kafaɗa sai da hannun wani, shi ya sa za a ga abokan hamayya suna ɗaure wa juna kaya kafin su shiga fili. Mai hankali yakan zaga bayan gida tun kafin a fara.

Waɗanne dokoki ne suke tsare masu faɗan buhurt?

Kafin gasa alƙalai sukan duba kowane makami da kowane sulke. Bakin takobi da gatari dole ya zama dakusasshe, tsininsa a zagaye, kuma kowane irin makami yana da iyakar nauyin da ba zai wuce ba. Suka haramun ne gaba ɗaya, haka nan duka a ƙeya da bayan gwiwa da al'aura da tafin ƙafa, da murɗe gaɓa, da dukan wanda ya riga ya faɗi. A faɗan ƙungiya, wanda aka fi yi biyar da biyar ko da yake akwai na mutane goma sha biyu ko talatin a kowane ɓangare, ana fitar da mutum ne idan wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafafunsa biyu ya taɓa ƙasa, sai ya zauna inda ya faɗi har a gama zagayen. Saboda haka kokawa da bangaza da taɗiya sun fi sara yawan kayar da mutum, kuma ƙungiyar da ta iya haɗuwa biyu a kan ɗaya a jikin shinge ita take cin wasa. A faɗan mutum biyu kuwa ƙirga saran da ya sauka da kyau ake yi. Idan kwalkwali ya fita ko wani muhimmin ɗauri ya tsinke, nan take ake dakatar da mai shi.

Haka baraden da suke faɗa a yaƙi?

A'a, kuma ya kamata masu wasan su riƙa faɗin haka a fili. Takobi ba ya yanka faranti, kuma barade sun san da haka. Littafin malamin takobi Fiore dei Liberi na wajen 1410 da na takwaransa Hans Talhoffer na 1467 sun nuna cewa idan masu sulke biyu suka haɗu, kowanne yakan kama tsakiyar ruwan takobinsa da hannun hagu ya mayar da shi kamar gajeren mashi, yana neman hammata, ko tafin hannu, ko tsagar ido, ko bayan gwiwa, ko kuma ya juya takobin ya yi duka da ƙotarsa. Ƙarshen faɗan yawanci kokawa ce da wuƙa mai tsini. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da buhurt ya haramta, domin in an bar su sai an ɗauki gawa. Buhurt ya fi kama da gasar da barade suke yi a lokacin zaman lafiya, irin wadda basaraken Faransa René na Anjou ya bayyana wajen 1460, wadda ake yi da dakusassun takubba da kulake. Masu HEMA da suke faɗa cikin sulke su ne suka fi kusa da dabarun yaƙi, amma su kuma dole su rage ƙarfi da sauri. Kowane reshe ya riƙe wani ɓangare na gaskiya ya saki wani.

Ana jin rauni?

Ana ji. Ƙujewa da kumburi abincin kullum ne, kuma raunukan da aka fi gani su ne karayar yatsa, da gurɗewar gwiwa ko kafaɗa wajen faɗuwa, da girgizar ƙwaƙwalwa. Saran gatari a kan kwalkwali mai kyau ba ya zafi sosai, sai dai ƙara, kamar an kifa wa mutum tukunyar ƙarfe a ka an buga ta da taɓarya, kuma haɗarin yana nan, domin rashin jin zafi yakan sa mutum ya ci gaba alhali kansa ya bugu. Wanda ya ji jiri ko amai ko ya rasa tuna abin da ya faru, wasansa ya ƙare sai likita ya gan shi. Zafin rana ma yana kayar da mutane da yawa, don haka ake cire kwalkwali da an fito, a sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo.

Mata suna shiga?

Suna shiga, kuma manyan gasannin duniya suna da rukunin mata na faɗan mutum biyu da na ƙungiya. Sulkensu siffarsa ɗaya da ta maza, awo ne kawai ya bambanta. Farantin ƙirji mai siffar nono da ake gani a fina-finai ba a yarda da shi ba, domin yana jan sara zuwa tsakiyar ƙirji. A tarihi ma an ƙera wa jarumar Faransa Jeanne d'Arc cikakken sulke daidai jikinta a birnin Tours a 1429.

Ana yin na kan doki?

Ana yi, amma masu yinsa kaɗan ne saboda tsada da haɗari. Mahaya biyu sukan sukwano da dogayen masu, shinge a tsakaninsu, kowanne yana neman karya mashinsa a garkuwar ɗan'uwansa. Yawanci ana sa wa mashin kai na itace mai saurin karyewa, ko da yake akwai masu yi da mashi na itace ɗaya tun daga gindi. Tsagin irin wannan mashi ne ya shiga ta fuskar kwalkwalin Sarki Henri na Biyu na Faransa a 1559 ya yi ajalinsa. Rabin aikin horar da doki ne, har ya saba da ƙarar ƙarfe a bayansa da wani dokin yana tunkaro shi.

Akwai alaƙa tsakanin wannan da sulke da lifidin ƙasar Hausa?

Akwai ta wajen kayan. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, wato a daidai lokacin da maƙeran Milan suke kammala sulken faranti. Sulken da mahayan Hausa da Barno suka saka na zobba ne, saƙa iri ɗaya da wadda aka bayyana a sama, kuma da yawansa ta hanyar fataucin Sahara ya iso. Lifidi kuwa, mai cushe da yake rufe doki da mahayi, dabararsa ɗaya da ta rigar cushe da sojan Turai yake sakawa, wato shanye ƙarfin duka da tare kibiya.

Ta wajen ma'ana kuwa sun sha bamban. 'Yan sulke da 'yan lifida da suke fita a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau suna cikin tsarin sarauta mai rai, wanda UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, alhali mai wasan Turai yana sake gina abin da ya yanke ne tun ƙarnoni. Wanda yake son gwada wannan sana'a a ƙasar Hausa yana da maƙera da dukawa da maɗinka a kusa da shi, kuma saƙa sulken zobba ko ɗinka lifidi bisa tsohon samfuri ya fi masa sauƙi da ma'ana a kan kwaikwayon barden Jamus a cikin zafin bazara. Tsohon sulken gado dai ba na faɗa ba ne, adana shi ya kamata a yi, kuma duk wani atisaye da makami, ko da dakusasshe ne, sai da sanin hukuma.

Yaya ake kula da kayan bayan an gama wasa?

Gumi shi ne babban abokin gabar ƙarfe, kuma sulken da aka bari cikin jaka a jiƙe yakan wayi gari da tsatsa. Da an dawo gida sai a fitar da komai, a goge ciki da waje da busasshen tsumma, a shafa ɗan mai ko kakin zuma, a shanya rigar ciki da cushen kwalkwali a inuwa inda iska take ratsawa. Sulken zobba da ya yi tsatsa ana zuba shi cikin ganga ko buhu tare da yashi a yi ta mirginawa, kamar yadda aka yi tun zamanin da, sannan a kakkaɓe a shafa mai. Lotsawa ana fitar da ita daga ciki da guduma a kan itace, amma tsagewa a ƙarfen da aka taurara, musamman a kwalkwali, alama ce ta cewa sashen ya gama aiki. Kafin kowace fita ana bin ɗaurin fata ɗaya bayan ɗaya ana ja, musamman na haɓa, kuma jakar kowane ɗan wasa ba ta rabuwa da ƙusoshi da guntun fata da abin huda da ƙaramar guduma, domin yawancin gyare-gyare a bakin fili ake yin su tsakanin zagaye da zagaye.